Rabon Matar Gida

Ni dai na gaji, kuma ba gajiyar gona nake nufi ba. Duk macen da ta auri manomin citta ta san ciwon baya, ta san yadda tsinke ke shiga farce lokacin rufe gona da ciyawa. Wannan kam ana kwana a tashi garau. Gajiyar da Zamani ya ɗora mini da bazarar bara ce ba ta fita da barci.

Sunana Afiniki, amma a Fadan Kagoma in ka ce Afiniki sai a tsaya ana tunani. Maman Yemima aka sani. Zamani mijina ne, mutum shiru-shiru, wanda ko tambayarsa ka yi ya ci abinci sai ya yi nazari kafin ya amsa.

Shekarar da citta ta yi daraja, ya kai kayanmu kasuwar Kafanchan. Muka biya makarantar yara, muka sayi taki. Abin da ya rage kuwa sai ya dawo mini da shi a siffar wani ɗan baƙin abu da bai fi yatsa ba.

Na ce, “Ina sauran kuɗin?”

Ya ce, “Suna ciki.”

“Cikin me?”

“Filash ake ce masa. Irfan mai gyaran waya ya saya mini kirifto, kuɗin intanet. Makullin kuɗin yana cikin nan, shi kuma an kulle shi da kalmar sirri. Naira narkewa take yi, Maman Yemima. Gara a ajiye a nan.”

“To kalmar fa, ka rubuta?”

“Ba a rubutawa. Na sa abin da ba zan taɓa mantawa ba.”

Ka ji fa! Mutumin da ke baro fartanyarsa a gona ya dawo gida yana tambayata ina na kai ta. Ya jefa abin a gwangwanin da muke ajiye katunan baftisma, ya ɗora saman kabad. Nan ya zauna shekara da shekaru, ba wanda ya sake taɓa shi.

Sai ciwon citta ya zo. Ganye ya yi rawaya, ka tona ƙasa sai ruwa da wari. Ba mu kaɗai ba, ƙasar duka ce, amma wahalar kowa a ɗakinsa take kwana. Ko iri ba mu tsira da shi ba. Da bazara ta kewayo, irin citta ya zama sai wane da wane.

Gonarmu ta bakin rafi gonar gado ce, kuma a gidan su Zamani babba ne ke da magana a kan ƙasa. Babban kuwa shi ne Baba Ishmael, yayan Zamani. Ya zo har tsakar gida ya faɗa mana, ba da faɗa ba, cewa ƙasar citta ba a ɓata ta da masara, ba a kuma barinta ta kwana. In ruwan shuka ya sauka ba mu da iri, ɗansa Godspower zai noma ta, don shi ya samo nasa irin. Kowa ya san gona in ta shiga hannun wani ba ta fitowa. Ni kuwa a gonar nan na ƙarar da ƙuruciyata, kuma akwai abin da na ajiye a gefenta wanda ba a faɗa. Ba zan iya ganin baƙuwar fartanya a wurin ba.

Ranar nan Zamani ya sauko da gwangwanin. Godspower ɗin dai shi ke da laftof a gidan, shi aka aika wa. Ya zo ya soka filash ɗin, wani ɗan akwati ya fito a allo yana jiran kalma. Zamani ya gyara zama, ya ɗaga yatsa ɗaya, don da shi kaɗai ya iya dannawa. Yatsan ya tsaya a sama. Ya daɗe a sama.

Na ce, “Baban Yemima, lafiya?”

Ya ce, “Tana zuwa.”

Ba ta zo ba. Ya danna wani abu, allon ya yi ja. Ya sake, ya sake yin ja. Sai a lokacin Godspower ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, ya dafe kai.

“Baba, tsaya! Wannan abin sau goma kawai yake ba mutum. In an yi kuskure na goma, zai goge kansa, komai ya tafi.”

Ka ce Zamani zai tsaya? Ina! Tsoro ya sa shi gaggawa, ya ƙara biyu kafin in fizge hannunsa. Huɗu suka tafi a zama ɗaya, kamar an zubar da gari a rairayi.

Da Godspower ya fita na tambaye shi me da me ya gwada. Ya ce sunan Yemima, da na ƙaninta Ezekiyel, da sunan gari.

“Na huɗun fa?”

Ya kalli ƙasa. “Naki.”

Na ce, “To, madalla. Yanzu na san matsayina.” Wasa na so in yi, amma muryata ba ta fito da wasa ba. Raina ya ɓaci, kuma haushin kaina ya kama ni da har na ji zafin abin, ni da jikata ke hanya.

Magana ba ta kwana a Fadan Kagoma. Ranar Lahadi bayan sujada, Baba Ishmael ya kira mitin a gindin mangwaro. Aka jera kujeru, aka ɗora laftof a kan benci kamar gawa. Har Fasto Meshak ya biyo mu da rigarsa ta wa'azi.

A gidan nan akwai yadda ake rabon nama. In an yanka akuyar Kirsimeti, babba ne ke fara ɗauka, sai baƙon girma, sai 'ya'ya maza. Matar da aka auro ita ce ta ƙarshe, kayan ciki ne rabonta. Ban taɓa damuwa ba, ina ma son hanji. Amma ko a mafarki ban zaci za a raba gwajin kalmar sirri kamar naman akuya ba.

Baba Ishmael ya yi gyaran murya. “Wannan abu na famili ne. Cittar a ƙasar ubanmu ta fito. Saura shida, ko? To. Ni babba, uku. Fasto ɗaya. Godspower ɗaya, tunda injin nasa ne. Na ƙarshe a ba matar gida, kada a ce mun zalunce ta.”

Na ce, “Baba, wannan ba nama ba ne. Wanda aka ci ba ya ƙosar da kowa. A bari mai shi ya tuna.”

Ya ce, “Maman Yemima, ni na goya Zamani. Na san abin da ke kansa tun kafin a haife ki.”

Na dubi Zamani ko zai yi magana. Yana zaune ya haɗa gwiwoyi kamar yaron da ya yi fitsarin kwance. A gaban yayansa ba ya da baki, haka aka raine su. Kada a ce na yi wa Baba Ishmael ƙazafi: ba mugu ba ne, ban kuma yarda ya yi don ɗansa ya samu gona ba. Shi dai ya yi imani da gaske cewa ƙofar da ta ƙi buɗe wa ƙarami za ta ji kunyar babba.

Ya ce mutum ba ya manta ubansa. Aka danna sunan surukina marigayi. Ja. Ya ce to kakansu ne, mai gonar na asali. Ja. Sai ya ce lallai sunan uwarsu ne, yaron nan ɗan uwa ne tun yana ƙarami. Ja. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce injin ne ba shi da tarbiyya.

Fasto Meshak ya sa muka sunkuya. Ya yi addu'a mai tsawo, ya tsawata wa ruhun mantuwa, muka ce amin. Sannan ya ce an nuna masa ayar da aka karanta ranar baftismar Zamani. Aka danna. Ja. Ya ce Ubangiji yana da lokacinsa, ya sha ruwa ya tafi.

Godspower ya so ya ƙi nasa. Ubansa ya harare shi. Ya danna sunan ƙungiyar ƙwallon da Zamani ke sauraro a rediyo. Ja.

Sai duka suka juyo suna kallona. Nan na gane irin rabon da aka ba ni. Duk wanda ya yi kuskure kafin ni, gwaji ya yi. Ni in na yi, ni ce matar da ta goge dukiyar mijinta, har jikoki za su ji labari. Na zare filash ɗin, na ƙulle shi a bakin zanina.

Na ce, “Rabona ne, ko? To sai na ga dama zan ci.”

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Hadari yana haɗuwa ta gabas kullum da yamma, ya yi gurnani ya watse. Kowa na roƙon ruwa, ni ina roƙon ya dakata, Allah ya gafarta mini. Zamani ya daina cin abinci sosai. Sai ya zauna a bakin ƙofa yana motsa leɓe, yana jero sunayen duk abin da ya sani, har na karnukan da muka taɓa kiwo. Maƙwabta kuma kowa da shawararsa. Wata a Zumuntar Mata ta ce in jiƙa abin a man addu'a. Wani ya ce akwai yaro a Mararaban Rido da ke fasa irinsa, a ba shi rabi. Na gaji da ji, na gaji da amsawa, na gaji da ganin mijina yana ramewa a kan kalma ɗaya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na hau mota na tafi Kafanchan wurin wanda ya haɗa abin.

Shagon Irfan yana kusa da tasha, ɗan ƙarami, cike da gawarwakin wayoyi. Iyayensa tsofaffin 'yan kasuwar garin ne, kakansa ma ya sayi citta a hannun surukina. Ya ba ni kujera, ya aika aka kawo mini ruwan sanyi. Wata 'yar yarinya tana zaune a ƙasa tana wasa da murafun waya.

Na kwance bakin zani na ajiye masa. “Ɗana, kai ka ɗaura, sai ka kwance.”

Da ya ji saura ɗaya, ya yi salati. “Mama, wa ya cinye tara?”

“Famili.”

Ya girgiza kai. “Gaskiya zan faɗa miki. Ba a fasa wannan. Duk wanda ya ce zai fasa, cutarki zai yi. Ni ma ban ga kalmar ba, juya baya na yi, haka ƙa'idar take. Amma na lura da abu ɗaya a aikin nan. Mutane ba sa sa abin da suka fi so. Abin da ke gabansu a lokacin suke sawa. Ku bar tambayar me Baba Zamani yake ƙauna. Ku tambayi me ya faru ranar.”

“Shi ya manta. Kai fa?”

Ya dubi yarinyar ya yi murmushi. “Wallahi ga abin da na tuna. Amatullahi ce, 'yata. Ranar uwarta ta je asibiti ta bar mini ita, lokacin tana rarrafe. Ta je ta kama ƙafar wandon Baba ta miƙe tsaye. Ya ɗauke ta ya ɗora a cinya, ya tambaye ni watanta nawa. Na ce tara. Da ita a cinyarsa ya danna kalmar. Gajeriya ce, ban ji dannawa da yawa ba. Na ce ya ƙara lamba, ya ƙi. Da na juyo na ga idonsa da ruwa, ya ce ƙurar citta ce.”

Ban san lokacin da kofin ya kuɓuce mini ba. Irfan ya ce, “Mama, lafiya?” Na ce jiri ne, zafin rana.

Yemima ba ita ce 'yata ta fari ba. Kafin ita akwai Tamar. Ta fara kama ƙafar mutane tana miƙewa kenan ƙyanda ta ɗauke ta. Tsofaffin matan gidan suka zagaye ni, suka ce ba a kuka da ƙarfi, ba a kuma sake kiran sunan jaririn da ya koma, kada ya ji ya dawo ya sake tafiya. Mu masu bi ne, muna zuwa majami'a, amma wannan dokar ta girmi majami'ar. Maza suka ɗauke ta a tsumma suka kai gefen gonar bakin rafi, gindin ɗorawa, ba dutse ba alama. Jiya-jiya ana kirana Maman Tamar, washegari na koma Afiniki, kamar ban taɓa haihuwa ba.

Zamani kuwa, da gari ya waye ya saɓi fartanya ya tafi noma. Bai yi hawaye ba, bai ce mini ci kanki ba. Na riƙe masa wannan fiye da shekara ashirin. Ina dafa masa tuwo, ina wanke masa kaya, ina haifa masa 'ya'ya, amma can ƙasan raina na yanke cewa mutumin nan ya binne 'yata ya manta kafin ƙasar ta bushe.

A motar komawa ban ga hanya ba. Tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya. In na danna ya yi ja, gona ta tafi, da ɗorawar da abin da ke gindinta, kuma hukuncin da na yanke masa ya tabbata. In ya buɗe, to ni ce na zauna da mutum rabin rayuwata ban san shi ba. Kafin mu iso Kagoma yayyafi ya fara dukan gilashin mota, ƙanshin ƙasa ya tashi.

Na tarar da Zamani a zaure yana ɗaure ƙotar fartanya. Na aika a kira Godspower da laftof. Ba a jima ba sai ga Baba Ishmael a bayansa, riƙe da kujerarsa, wai ba a yanke maganar famili ba babba.

Godspower ya soka filash ɗin. Akwatin ya fito. Ya ce, “Mama, ki faɗa mini in danna miki.”

Na ce, “Matsa. Rabona ne.”

Ban taɓa taɓa laftof ba sai ranar. Na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ina nema kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Sunan da na rabu da furtawa tun ina yarinya, ga shi ina harhaɗa shi a gaban mazan gidan. Da na gama na kasa danna na ƙarshen. Godspower ya nuna mini maɓallin, na rufe ido na danna.

Ihun Godspower ne ya buɗe mini ido. “Ya buɗe! Yesu! Mama, ya buɗe!”

Ba ja. Wasu kalmomin Turanci ne jere a allo, ya ce su ne makullin kuɗin. Yana ta tsalle, shi da gonar za ta zama tasa, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Baba Ishmael ya leƙo yana gyara tabarau.

“Me kika sa?”

Zamani nake kallo. Ya ajiye fartanyar, ya taso a hankali, fuskarsa kamar ta wanda aka tasa daga barci.

Ya ce, “Maman Yemima, mece ce?”

Har lokacin bai tuna ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, kuma shi ya sa na faɗa da ƙarfi, yadda har na waje zai ji.

“Tamar.”

Baba Ishmael ya ja da baya. “Assha! Ba a faɗa.”

Na ce, “An faɗa, Baba.”

Zamani ya nemi bango ya dafa, ya sulale ya zauna a ƙasa. Can ya ce, “Na ce ba zan manta ba.” Ya sake cewa, “Na ce ba zan manta ba.” Sai ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba, a gaban yayansa da ɗan yayansa. Baba Ishmael ya ɗauki kujerarsa ya fita ba sallama.

Na so in yi masa faɗa. Na tanadi maganganu tun daga Kafanchan: me ya hana ka gaya mini, me ya sa ka bar ni ni kaɗai da ita. Amma na gaji. Na zauna kusa da shi a ƙasa, ruwa yana dukan kwano, har kukansa ya lafa.

Irfan ya canza mana kirifton zuwa naira, muka samu abin da ya isa iri. Ba wata dukiya ba ce, amma ta rufe gonar. Ranar shuka muka fita da sassafe, shi yana gaba yana sara, ni ina baya ina jefa iri ina takewa. Da muka iso gindin ɗorawa sai na ga ya karkata layin, ya bar wani ɗan fili kamar faɗin tabarma. Na tsaya ina kallo. Ashe haka yake yi kowace shekara. Ni kuwa da ba na iya ɗaga ido in dubi wurin, na ɗauka saiwar itacen yake gudu.

Ya miƙe ya share gumi da bayan hannu. Bai juyo ba.

Ya ce, “Maman Tamar, miƙo mini ruwa.”

Na taka har gindin ɗorawar, na miƙa masa goran.